Jinjina Ga Sarkin Araha, Mai Taraktar Da Ba Ta Shan Mai

A gaishe ka, Sarkin Araha, dillalin da ba shi da rumfa, ba shi da filin ajiye kaya, ba ya biyan haya, amma taraktocin da ke hannunsa sun fi na kowace ma'aikatar gona yawa. An daɗe ana raba lambobin yabo ga waɗanda suka yi wa noma hidima a ƙasar nan, kai kuwa ba a taɓa kiranka ba. Laifin ba na masu rabon ba ne su kaɗai, sunan naka ne ba ya kwana biyu bai sauya ba: jiya Alhaji, yau Injiniya, gobe babban jami'in kwastam, jibi kuma Hajiya mai takaba. Tunda ka ƙi tsayawa a rataya maka lambar, bari a yaba maka a bainar jama'a, kowa ya san irin aikin da kake yi mana a Facebook da WhatsApp da shafukan tallar kaya.

Da araha za a fara, don ita ce rawaninka. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, duk abin da ke shigowa ta jirgin ruwa ya tashi ya bar talaka a ƙasa. Sabuwar Massey Ferguson 375 ko Mahindra mai irin ƙarfinta, sai mutum ya tara gomman miliyoyi kafin ya tambayi kuɗinta da ƙwarin gwiwa. Ko ta hannu, wadda ta sha rana ta sha laka, ba ta kallon mai ƙaramin aljihu. Masana tattalin arziki sun yi taro sun gaji, tsada ta ƙi sauka. Kai kaɗai ka karya ta. A wurinka tarakta ba ta wuce kuɗin bijimai uku, kuma don tsabar kyauta ka haɗa da garma da haro da tirela, duk a kuɗi ɗaya. Sauran dillalai suna kukan kuɗin sari da na fito da na dako, kai ka gano sirrin da ya fi ƙarfinsu: kayan da babu su ba su da uwar kuɗi.

Ga kuma nagarta. Taraktarka ba ta shan dizal, ba ta yoyon baƙin mai, fanfon haidirolik ɗinta bai taɓa ba kowa kunya ba. Ba ta san hanyar garejin bakanike ba, ba ta taɓa kafewa a fadama ba. Dubi hotonta kawai: jan fenti yana ɗaukar ido, haƙoran taya ko ƙura babu, tana tsaye a kan koriyar ciyawa shar, a bayanta ga wani rumbun katako mai dogon rufi da wasu itatuwa masu tsini da ba wanda ya taɓa gani tsakanin Zariya da Gusau. A wani hoton ma har da ɗan farin ƙanƙara a gefen katanga, ka rubuta a ƙasa cewa tana nan Kaduna. Kuma tana da wata baiwa da ba a ba sauran injina ba. Da safe tana Kaduna, da hantsi tana Ibadan, kafin la'asar tana Jos, hoto ɗaya, tabo ɗaya a murfin inji, masu ita uku, lambobin waya uku.

Dole a sara maka kan sanin lokaci. Ba kowane malamin gona ya kai ka sanin zuciyar manomi ba. Ka san da bazara ta tsaya, an gama sharar gona, hadari ya fara haɗowa daga gabas, barci ke ƙaurace wa mai kadada biyar ko goma. Ka san layin da ake bi a gidan mai taraktar haya, inda ake karɓar kuɗin mutum a ce masa sati mai zuwa, satin ya zo a ce mai doguwar ƙafa ya riga shi. Ka san mai masara a Saminaka da mai shinkafa a Kura da Haɗeja sun sha ganin kwanakin shuka suna wucewa suna tsaye a bakin gona, sun kuma san abin da jinkirin mako biyu ke ragewa a buhu. Ba kwaɗayi ne ya kawo yawancinsu gabanka ba, gajiya ce da jiran abin da ba nasu ba. Wannan gajiyar kake jira. Ita ce daminarka, kuma ba ta taɓa yi maka fashi ba. In gwamnati ta yi shelar kawo taraktoci, kamar guda 2,000 da aka ƙaddamar a Abuja a Yunin 2025 daga ƙasar Belarus, kai ma sai ka ɗauki haske, don ka san kunnen manomi ya buɗe, kowa yana cewa ko Allah zai sa rabonsa ya rantse.

Ladabinka kuwa abin a koya wa yara ne. Kana ɗaga waya da cikakkiyar sallama, ka tambayi iyali, ka tambayi damina, ka kira mutum Alhaji ko bai taɓa ganin filin jirgi ba. Da ya ce arahar ta yi yawa, amsa na bakinka, don tarin dalilanka sun fi taraktocin yawa. Wani lokaci kayan gwanjon kwastam ne, oga ya samu rabonsa yana son ya sallama kafin a yi masa canjin wurin aiki. Wani lokaci ta marigayi ce, marayu na bukatar kuɗin makaranta. Wani lokaci mahaifiyarka ce a gadon asibiti, likita na jiran kuɗin aiki. Da haka kake ba mai saye riba biyu: ga araha, ga ladan taimako. Wane ɗan kasuwa ne ya taɓa haɗa wa mutum duniya da lahira a ciniki ɗaya in ba kai ba?

In ya ce zai zo ya gani da idonsa, tausayinka ba ya barin ka wahalar da shi. "Haba Alhaji, hanyar nan da ba tsaro? Ka zauna gida, mu za mu kawo maka har ƙofa." In ya ce a yi kiran bidiyo ya ji ƙarar injin, sai sabis ya lalace, ko kuwa an hana ɗaukar hoto a cikin tashar jirgin ruwa. Don ka kwantar masa da hankali sai ka turo katin shaida mai hoton wani bawan Allah cikin kaki, da takarda mai tambarin Najeriya da hatimi ja, da shaidar rajistar kamfani, waɗanda masu su na ainihi ba su san sun yi tafiya ba. Sannan ka sauke murya: akwai wani mutumin Gwambe da ke hanya da kuɗi a buhu, amma zuciyarka ta fi kwantawa da Alhaji, ya sa kafin alƙalami kawai a cire tallar. Lambar asusun da ka turo, sunan da ke kanta ba naka ba ne. Wannan ma ba matsala ba ce, na akawun kamfani ne, ko na uwargida.

Daga nan ne gwanintarka take fitowa fili, don kai kaɗai ke iya tuƙo taraktar da babu ita daga Legas zuwa Arewa, gari-gari, ba ka tsallake ko ɗaya ba. Alat na shiga, sai a ce an loda ta, saura kuɗin fitar da ita daga geti. An biya. Washegari wata sabuwar lamba ta kira, murya a gajiye, ana jin ƙugin mota a baya: direba ne, sun wuce Ibadan, sun kwana Ilori, amma man da aka zuba ba zai kai ba. An biya. A Jebba, kafin a hau gada, jami'ai sun tare, sun ce akwai takarda ɗaya da ba a buga wa hatimi ba, in ba a biya yau ba za su wuce da ita ofis, kuma in ta shiga ofis sai dai haƙuri. An biya. A Mokwa taya biyu suka fashe lokaci ɗaya. A nan ne manomi ya fara jin wani abu yana yi masa yawo a ciki, amma ka riga ka san lissafin da zai yi: wanda ya zuba miliyan biyu, ba zai bari su tafi saboda dubu ɗari da hamsin ba. Ya ranto, ya biya. Ya sa yara su share gaban gida inda za a sauke ta, ya gaya wa maƙwabta cewa bana shi zai yi musu haro a kan sauƙi. Direba ya ce gobe war haka suna Kaduna. Gobe ta yi, waya a kashe. Ya kira mai taraktar, a kashe. Ya koma shafin, ba tallar, ba hoton, ba Alhajin. Wace mota ce ta taɓa yin tafiya mai tsabta irin wannan, ba hayaƙi, ba sawu?

Ba za a manta da adalcinka ba. Ba ka san ƙabilanci ba, ba ka san bambancin addini ko launin fata ba. 'Yan'uwanka na Amurka suna yin irin wannan hidima a Craigslist da Facebook Marketplace: can ma mai takaba ce ke sayar da taraktar mijinta, ko soja ne za a tura shi fagen daga gobe, sai a turo wa mai saye takardar ƙarya da sunan eBay a ce kuɗinsa na hannun amana, a sa shi ya biya da katin kyauta na kantuna. A 2019 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta bayyana tuhumar mutum 20 na wata ƙungiya mai tushe a garin Alexandria na ƙasar Romaniya, waɗanda suka yi ta tallar motocin da babu su, suna juya kuɗin zuwa bitcoin. Wani ɗan Bulgeriya da ke wanke musu kuɗin, Rossen Iossifov, ya samu ɗaurin shekara 10 a 2021. Ka ga sana'arka ta haɗa kan duniya. Inda duk ka samu mai bukata da waya a hannu, ɗan'uwanka ne, kuma kana yanka shi da wuƙa ɗaya.

Sarki ba ya sarauta shi kaɗai, don haka a gaida fadawa. A gaida saurayin nan da ya ba da hayar asusunsa a kan 'yan dubbai, ya ce shi bai saci komai ba, wucewa kawai kuɗin suka yi. A gaida mai yi wa layin waya rajista da shaidar wani, da mai POS ɗin da ya ga yaro ɗan shekara 19 yana cire miliyan a zama uku bai ɗaga ido ba, don cajinsa kawai yake ƙirgawa. An kawo BVN a 2014, an ce daga Disamban 2020 kowane layi sai an haɗa shi da lambar NIN, a Afrilun 2024 Babban Bankin Najeriya har ya dakatar da wasu bankunan waya daga buɗe sababbin asusu na ɗan lokaci don a gyara tantance masu ajiya. Duk waɗannan ƙofofi an ɗora su, fadawanka ne ke riƙe maka su kana wucewa. A gaida kamfanonin sada zumunta, waɗanda ba sa ɓata lokaci wajen karɓar kuɗin yaɗa talla, amma in an kai musu ƙarar tallar sai su yi nauyin jiki. A gaida teburin ƙorafi inda manomi zai je da takardun tura kuɗi a hannu, a tambaye shi da wa ya yi shawara, a ce ya koma gida za a neme shi.

Gaskiya ne, akwai masu ƙoƙarin ɓata maka kasuwa. Shafin tallar kaya na Jiji yana rubuta wa masu saye gargaɗi cewa kada su biya kafin su ga kaya. Hukumar Kwastam ta sha faɗa cewa ba ta gwanjo a Facebook ko WhatsApp, ba ta kuma karɓar kuɗi ta asusun wani mutum, shafinta na gwanjo ne kaɗai hanya. Dokar zamba cikin aminci ta 2006 ta tanadar maka ɗaurin shekara 7 zuwa 20, ga dokar laifukan intanet ta 2015, ga EFCC. Amma kada ranka ya ɓaci. Gargaɗin yawanci da Turanci yake, a ƙasan shafi, da ƙananan baƙaƙe. Kai kuwa da Hausa kake zuwa, da murya, kai tsaye cikin kunne, da dare bayan sallar isha'i.

Babban dogarinka, wanda ba ka biyan sa ko kwabo, shi ne kunya. Dattijon da ake kawo wa ƙara a unguwa, ta yaya zai buɗe baki ya ce wata murya a waya ta raba shi da noman shekara uku? Ya san abin da za a ce a majalisa: wai banza ba ta kai zomo kasuwa, wai shi da wayonsa. Sai ya haɗiye, ya ce cinikin ne bai faɗa ba. Mu kuma da ke zaune a kan benci muna dariyar wanda ya faɗa rami, mu ma a yaba mana, don mun taya ka rufe bakin ramin da ciyawa har na baya ya iso. Kuma kai ba ka barin kala a gona. Bayan sati biyu sai wani ya kira, ya ce jami'in bincike ne, an kama ɓarayin, kuɗin na nan, sai dai a turo na buɗe fayil.

To, zo mu ƙirga amfanin gonarka na bana, don a san girman abin da ka girbe. Ka girbe bijiman huɗa biyu da aka kora kasuwar Wudil ranar Juma'a don a cika kuɗin tarakta, yanzu ba tarakta, ba shanu, gonar da aka saba huɗewa cikin kwana uku ta koma hannun fartanya, rabinta ya zama saura. Ka girbe kwasar adashin uwargida da 'yan kunnen da ta cire ta miƙa don ta yarda da maganar mijinta. Ka girbe kuɗin ƙungiyar manoma da aka tara buhu-buhu, kuma shugaban da ya tura kuɗin da hannunsa yanzu ba ya iya zama a sahun gaba a masallaci, don rabin garin sun ce haɗa baki aka yi da shi. Ka girbe auren yarinya da aka ɗaga, da yaron da aka ce ya dakata da makaranta zuwa baɗi. Ka girbe har kasuwar mai gaskiya, wanda yake da tarakta ta ainihi a Funtuwa yana son sayarwa, ya sa hotonta, kowa ya gani ya ce ɗan damfara ne. Ɓarawon da ya haura katanga buhu yake ɗauka ya bar rumbu. Kai damina kake ɗauka ɗungurungum, ka haɗa da mutunci da zumunci.

Yabo ya ƙare a nan, don ba sauran abin da zai iya rufewa. Kai ɓarawo ne, kuma mafi munin iri, mai satar abinci tun kafin a shuka shi. Rantsuwar da kake yi da sunan Allah don ka buɗe aljihun mai tsoron Allah, da marayun ƙarya da kake jingina da su alhali kana jefa 'ya'yan wasu cikin yunwa ta gaske, duk suna rubuce. Kana iya jefar da layin waya, ka share shafi, ka sake suna, amma alhakin manomi ba ya bin lambar waya, mai shi yake bi.

Kai kuma ɗan'uwa manomi, bukatarka gaskiya ce, neman sauƙi ba laifi ba ne. Amma kakanninmu sun hana cinikin biri a sama, malamai kuma sun karantar da mu cewa ba a sayen tsuntsu yana tashi ko kifi yana ruwa. Taraktar da ba ka ɗora hannu a murfinta ba, ba ka ji ɗumin injinta ba, ba tarakta ba ce tukuna. Ka tafi da bakaniken da ka yarda da shi, da rana, ba kai kaɗai ba. A tayar da ita a gabanka, a ɗaga garma a sauke, a gwada lambar inji da ta shasi da abin da ke takarda. Ka tambayi dillalai biyu ko uku farashin irinta, in ratar ta yi nisa ƙwarai, ratar ita ce amsar. Ka sa yaron gida ya binciki hoton da Google Lens, sau da yawa zai nuna maka ƙasar da aka kwafo shi. Kada kwabo ya fita da sunan kafin alƙalami ko kuɗin dako, kada ka tura wa sunan da ba na mai kaya ba. Duk wanda ya ce sai yau, ka ce masa sai gobe, ka ga abin da zai rage. In kuwa an riga an cuce ka, ka garzaya bankinka a ranar, ka kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, ka adana kowane saƙo da kowace shaidar tura kuɗi.

Sauran aikin namu ne. Gidajen rediyo su faɗi wannan da Hausa kafin ruwan farko, limamai su sa shi a huɗuba, shugabannin ƙungiyoyin manoma su kafa doka cewa ba a tura kuɗin jama'a sai mutum uku sun je sun gani. Iyaye su tambayi 'ya'yansu wa ke amfani da asusunsu. Hukuma ta kama masu ba da hayar asusu, ta kuma sa taraktar haya ta isa ƙauye a kan lokaci, don jiran da ba shi da ranar ƙarewa shi ke tura mutane hannun macuta. Wanda aka cuta kuwa, a daina yi masa dariya, a jajanta masa, a ba shi wuri ya faɗi yadda aka yi daga sallamar farko har zuwa kashe waya. Duk manomin da ya daure ya faɗa a gaban jama'a, ya tsare wa maƙwabtansa goma shanunsu da daminarsu.